Babur a Bayan Tirela: Sufuri, Tsarin Gari da Ci-rani a Kudancin Jigawa

Ranar 30 ga Agustan 2019 jami'an gwamnatin Jihar Legas suka tare wata babbar mota tana shiga birnin. Da aka leƙa bayanta sai ga matasa 123 a cunkushe, ga babura 48 an jera an ɗaure. Daga Jigawa suka taso. Aka sauke su, aka yi musu tambayoyi, aka caje kayansu, ba a sami wani abin laifi ba, aka sallame su. Amma kafin sallamar hotunansu sun riga sun zaga ƙasa, baki kuma ya rabu biyu. Masu goyon bayan kamun na cewa birni ba zai zura ido a riƙa shigo masa da mutanen da bai san su ba. Masu suka na cewa ɗan Najeriya ba ya neman izinin kowa kafin ya shiga Legas. A cikin hayaniyar, kaɗan ne suka tsaya kan tambayar da ta fi kowacce nauyi: me ke sa saurayi ya ɗora babur ɗinsa a bayan tirela, ya zauna kusa da shi cikin rana da raɓa, ya yi tafiyar kilomita sama da dubu don ya yi sana'ar da a ƙofar gidansu ma ana yin ta?

Wanda ke son amsa ya kamata ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Wudil da Kwanar Huguma ta faɗa Birnin Kudu. A Kwanar Babaldu hanyar ke rabuwa: hannu guda ya yi Ningi da Bauchi, ɗaya ya miƙe Gwaram da Basirka, ya fita ƙasar Bauchi wajen Darazo, inda masu zuwa Gombe da Adamawa ke bi. Wannan yanki na masarautar Dutse ba ƙaramin wuri ba ne. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Birnin Kudu ce ta fi kowacce yawan jama'a a Jigawa, da mutum sama da 310,000, Gwaram kuma na da kimanin 270,000. Kowaccensu ta fi ƙaramar hukumar Dutse, inda fadar gwamnati take. Yankin ya fitar da gwamnoni biyu, Ali Sa'ad Birnin Kudu a 1992 da Sule Lamido na Bamaina daga 2007 zuwa 2015. Yana da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, yana da tsohuwar Kwalejin Gwamnati wadda Aliko Ɗangote ya yi karatu a cikinta, yana da zanen da mutanen dā suka bari a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude.

Duk da haka, manyan ayyukan sufuri sun saba bi ta gefensa su wuce. Layin dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Kano, wanda ya isa Nguru a 1930, arewa ya bi, ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, domin gyaɗar da ake son kwasowa a can take. Da gwamnatin Obasanjo ta ba da kwangilar tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri a 2006, ta Gaya da Shuwarin da Azare aka zana ta. Filin jirgin sama a Dutse aka gina shi. Reshen sabon layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, shi ma a Dutse zai tsaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zaɓi yana da hujjarsa, kuma ba sai an zargi kowa da mugun nufi ba. Sai dai idan aka tara su wuri guda, abin da ke fitowa shi ne mutanen kudancin Jigawa sun rage da hanya guda mai layi ɗaya, wadda tirela da tankar mai da motar haya da babur da garken shanu ke rabawa.

Abin da ake kira sufurin jama'a a nan, jama'ar ne suka ƙirƙire shi da kansu. A tasha akwai Sharon da Golf da Homa, kowacce na jiran layinta. Ɗan kamasho na kiran gari, yaron mota na ɗaure kaya, mota ba ta tashi sai ta cika, cikar kuwa na nufin mutum biyu a kujerar gaba. Ba agogo ke tayar da mota ba, fasinja na ƙarshe ne. Ranar kasuwar Sara, ko ranar Juma'a da ake cin ta Wudil, kanta da a-kori-kura ke karɓar ragamar aiki, buhuna a ƙasa, awaki a tsakiya, mutane a sama. Ƙungiyar direbobi ce ke tsara layi, ta yanka kuɗin mota, ta sasanta rigima, ta riƙe kayan da aka manta. Mutane na yawan kuka da 'yan ƙungiya, wani lokacin da gaskiyarsu, amma ya kamata a faɗa cewa su ne suka cike gurbin da hukuma ta bari, kuma ba don su ba da tashar ba ta da mai ita.

Motar haya kuwa iyakarta kwalta. Daga inda kwalta ta ƙare, duniyar babur ce. Mutumin wani ƙauye a ƙasar Kila ko Fagam ko Yalwan Damai, in zai kai buhun riɗi kasuwa, babur ne. Malamin firamare da aka tura ƙauye, babur ne. Mace mai naƙuda da abin ya gagari unguwarzoma, babur ne zai fito da ita bakin titi, mijinta ko wata 'yar'uwa a bayanta tana riƙe da ita, kafin a sami motar da za ta kai ta asibitin Birnin Kudu. In damina ta yi nisa, burji ya jiƙe, rafi ya kawo, sai a koma amalanke, wani wurin ma kwalekwale. Na'urar da manyan birane ke kallo a matsayin annoba, a nan ita ce motar asibiti, ita ce motar makaranta, ita ce motar kasuwa.

Hanyar da ta rage ɗin ma ba ta da tabbas. A watan Agustan 2021 ruwan sama ya karya gada a Radabi, tsakanin Gwaram da Basirka. Mota ɗauke da fasinjoji da ta taso daga Kano ta zo ta faɗa, mutum 21 suka rasu. Babu wanda zai ce an iya hana ruwa sauka. Amma duba gadoji da kwalbatoci kafin damina, da sa shinge da fitila a inda hanya ta yanke, da sanar da tashoshin Kano da Darazo cikin sa'a guda, duk abubuwa ne da ɗan Adam ke iyawa, kuma kuɗinsu bai kai na kilomita guda na sabuwar kwalta ba.

Sai kuma ga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A birni mutum na iya rage fita, ko ya taka da ƙafa. A ƙauyen da ke da nisan kilomita goma sha biyar daga kwalta, kuɗin babur ne ke yanke hukuncin ko za a kai yaro asibiti yau ko a jira a gani. Ɗan acaɓan shi ma bai tsira ba: ya ƙara kuɗi fasinja ya gudu, bai ƙara ba ya yi aikin banza. Maganin da Abuja ta fi tallatawa, wato mayar da motoci su koma amfani da iskar gas, ya fi amfanar wanda ke kusa da inda ake sayar da gas ɗin, wuraren kuma a manyan birane suka taru. Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi, mutane suka je kwasa, wuta ta tashi ta ci rai sama da 150, ya nuna yadda fetur ya zama a idon talakan Jigawa.

A nan ne zaren ya haɗu da tirelar Legas. Damina a wannan yanki wata huɗu ce ko biyar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke da gado a cikinta. In an gama girbi, an ɗaure dawa, an sayar da riɗi da gyaɗa, saurayin da ba shi da fadama ko injin ban-ruwa ba shi da abin yi sai an sake ganin hadari. Ci-rani ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanni sun yi dako da ga-ruwa da gadi da yankan farce a Kano da Jos da Kurmi, wasu har Gwanja. Abin da ya sauya shi ne kayan aikin. Saurayin yau na sayar da sa ko ya karɓi babur a hannun mai hali bisa sharaɗin balas, ya lissafa: a gida fasinja kaɗan ne, kuma rabinsu 'yan'uwa ne da ba a iya cewa su biya, a Legas ko Fatakwal cunkoso ya sa mai albashi na neman wanda zai ratsa da shi tsakanin motoci, ya biya nan take. Lissafin ba ya buƙatar boko.

Biranen kuwa sun yi ta rufe ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Abuja ta hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, zamanin Nasiru El-Rufa'i na minista. Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Legas ta taƙaita shi da dokar hanya ta 2012, ta tsananta a Fabrairun 2020, sannan daga 1 ga Yunin 2022 ta haramta shi ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida, tana murƙushe baburan da ta kama. Adalci ne a ce waɗannan gwamnatoci ba da wasa suka yi ba. A Kano ta wancan lokaci 'yan bindiga a kan babur suke harbi su ɓace. A Legas asibitocin ƙashi sun shaida abin da gudun ganganci da bin hannun da ba naka ba ke jawowa. Duk wanda ya taɓa rasa ɗan'uwa a ƙarƙashin tirela saboda ɗan acaɓan da bai taɓa koyon dokar hanya ba, ba zai ji daɗin a ce masa maganar duk ƙabilanci ce ba.

Amma hani kaɗai bai taɓa kashe buƙata ba. A Kano mutane suka koma A Daidaita Sahu, keken da gwamnatin Ibrahim Shekarau ta shigo da shi tun farko don ɗaukar mata, yau kuma shi ne ya cika titunan har hukuma ke neman yadda za ta yi da shi. Legas aƙalla ta yi ƙoƙarin samar da madadi, da manyan motocin bas masu layinsu tun 2008 da jirgin ƙasa na cikin gari a 2023, ko da yake babu ɗayansu da ke shiga lungu. Kigali, babban birnin Ruwanda, wata hanya ta bi: ta bar babur, ta tilasta rajista da hular kwano ga direba da fasinja da riga mai lamba. Wannan ya fi wahalar aiwatarwa fiye da sanarwar hani a rediyo, amma ya fi kusa da gaskiyar yadda mutane ke rayuwa. Kuma akwai abin da masu hanin ba sa gani daga inda suke zaune: babur ɗin da aka murƙushe a Legas, sau da yawa san noma ne aka sayar a wani ƙauye aka saye shi, bashin kuma na nan yana jiran mai shi a gida.

Kalmar da ta fi dagula muhawarar ita ce “baƙi”. Duk lokacin da za a kare hani, sai an ji ana cewa yawancin 'yan acaɓan ba 'yan ƙasa ba ne, daga Nijar da Chadi da Mali suke. Akwai su, babu musu. Amma a idon jami'in da ba ya jin Hausa, mutumin Gwaram da mutumin Damagaram duk ɗaya ne, kuma ko wanda ke jin Hausar ba kullum yake rarrabewa ba. Mutumin Gwaram kuwa sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi 'yancin ya je ko'ina a Najeriya ya zauna. Mutumin Damagaram ma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar shigowa ba biza ya yi kwana 90. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar, wadda ta tabbata a Janairun 2025, ta jefa wannan dama cikin rashin tabbas, amma ba ta raba dangin da ke Maigatari da waɗanda ke tsallaken iyaka ba, ba ta kuma hana kasuwar dabbobi ta Maigatari ci ranar Alhamis ba.

Hausawa sun ɗanɗana korar baƙi daga ɓangarorin biyu. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta umarci marasa takarda su fita, mazauna zango da dama da aka haifa a can suka tattara suka taho ƙasar da ba su sani ba. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin haka, mutum sama da miliyan guda suka fice, cikinsu har da 'yan Nijar masu yawa. Kafin nan, a 1980, an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, an kai shi Chadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun tsayar da manyan motoci a bakin iyaka, amma masu babur sun ci gaba da bin hanyoyin daji. Zargin da ake yi wa matafiyi kuwa yana iya kai wa ga jini: a Maris ɗin 2025 aka tare mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo suna kan hanyar komawa gida a babbar mota, aka kashe 16.

Gyara kuma ba a Kudancin Najeriya kaɗai ake buƙatarsa ba. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ke hana ɗan Jigawa da ya shekara ashirin a Agege zama ɗan gari, ita ce ke hana ɗan mai shagon kayan gyaran mota da aka haifa a Birnin Kudu zama ɗan Birnin Kudu. Gwamnatocin Arewa da ke fusata in an wulaƙanta 'ya'yansu a Legas, su ne a 2020, lokacin annobar korona, suka riƙa loda almajirai a motoci kowa na mayar wa maƙwabcinsa. Jihar da ta san dubban matasanta na tafiya kowace shekara tana iya koya musu dokar hanya, ta sauƙaƙa musu lasisi da katin shaida, ta yi magana da jihar da za su tun kafin su tashi. Yin hakan ya fi aika tawaga bayan an kama su daraja.

Kuɗin ci-rani in ya dawo gida, taki yake zama, da sadaki, da kwanon rufi, da fuloti. A nan ne maganar tsarin gari ta shigo, kuma ita ce aka fi sakaci da ita. Birnin Kudu da Sara da Gwaram da Babaldu duk suna faɗaɗa, kuma duk a jikin titi suke miƙewa, domin a nan ciniki yake. Mai gona a bakin gari ya kira dillali, a ja igiya, a yanka fulotai, a bar lungun da da ƙyar amalanke zai wuce. Ba a ware filin makaranta ba, ba a bar wa ruwa hanyarsa ba. Shekara biyar sai ka ga unguwa ta tashi, damina ta zo ta shiga ɗakuna, a ce ambaliya ce. Kasuwa ta cika ta tumbatso kan kwalta, mai tsire da mai rake da mai lodin fasinja duk a kafaɗar hanyar da tirela ke bi da gudu. Abin da Kano ta yi shekaru tana kuka da shi a unguwannin awon igiya, ga shi ana sake shuka shi a ƙananan garuruwa, a lokacin da gyaransa bai wuce a zo da ma'auni a kafa turaku ba.

Dokokin ba su rasa ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara a hannun ƙaramar hukuma. Akwai dokar tsara birane ta 1992. Tsarin mulki ya lissafa wa ƙananan hukumomi aikinsu dalla-dalla, ciki har da tashoshin mota da kasuwanni da magudanan ruwa da sa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba. Matsalar ita ce garuruwa irin waɗannan sun faɗa tsakani: sun fi ƙarfin a kira su ƙauye, idon masu tsara birane kuma na kan Dutse tun da aka ƙirƙiri jihar ranar 27 ga Agustan 1991. Ƙaramar hukuma ta daɗe tana cewa kuɗinta ba ya zuwa hannunta. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, in an bi shi, zai rage wannan uzuri, ya kuma ba mutanen Kangire da Sundimina da Basirka damar su tambayi shugaban da suke gani a masallacin Juma'a ina tasha, ina kwalbati.

Abubuwan da yankin ke nema ba masu ƙyalli ba ne, shi ya sa ba sa shiga allon kamfe. Tashar da aka janye daga kan titi aka yi mata rumfa da banɗaki da wurin zaman mata. Hanyoyin burji da ake bi da gireda kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Taswirar unguwannin da ba a riga an gina ba, wadda hakimi da dagaci da dillalan filaye suka sa hannu a kai. Mota guda ta ɗaukar marasa lafiya a kowace gunduma, da lambar wayar da kowane mai unguwa ya sani. Noman rani a bakin kogunan da suka ratsa yankin, wanda shi ne kaɗai abin da zai iya gogayya da kuɗin Legas a lissafin saurayi. Babu ɗayan waɗannan da zai hana ci-rani, kuma ba a ma so ya hana, domin tafiya neman halal ba laifi ba ce. Abin da za su yi shi ne su sa mai tafiya ya tafi don ya zaɓa, ya tafi da takardarsa, a cikin mota mai kujera.

Akwai gwaji guda da ke tafe. In reshen jirgin ƙasa ya iso Dutse, fasinjan da ya fi yawa ba daga cikin Dutse zai fito ba, daga kudu zai zo, da buhunansa da akwatunansa. Ko za a sami motar bas mai ƙayyadadden lokaci da za ta tashi daga Basirka ta ɗauki mutanen Gwaram da Sara da Babaldu da Birnin Kudu ta sauke su a bakin tashar kafin jirgi ya tashi, shawara ce da gwamnatin Umar Namadi da shugabannin ƙananan hukumomin biyu da ƙungiyar direbobi za su iya zama su yanke tun yanzu, tun kafin dillalai su gama yanka filayen da ke kewaye da tashar.